Yadda zaka koya ma hankalinka zama wuri ɗaya, ko da minti 10 ne bayan Asuba

Kafin ka ci gaba da karatun nan gwada wani abu. Aje wayar bisa cinya, ka ƙirga numfashinka daga ɗaya zuwa goma, shiga da fita ɗaya kenan, kada ka tuna komai sai ƙirgar. Da yawa basa kai biyar, sai dai kawai mutum ya tsinci kanshi yana lissafin kuɗin buhun masara, ko yana maimaita faɗan jiya a cikin kai har da amsar da ya kamata ace ya bayar bai bayar ba. In haka ta faru da kai to lafiyarka ƙalau, haka kan kowa yake.

A shekarar 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun yi wata manhajar waya da ke tambayar mutane ba shiri, a kowane lokaci ta ga dama: mi kake yi yanzu, ina hankalinka yake, ya kake ji? Mutum 2,250 suka yi ta amsawa, aka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan hankalinsu ba ya kan abin da hannunsu ke yi, kuma a irin waɗannan lokutan ne basu cika jin daɗi ba. Kusan rabin yini kenan fa, kana Kofar Soro a Katsina da gangar jiki amma hankali na kasuwar Mai'aduwa yana tayin rago.

Kuma ba sakarci ke kawo hakan ba. Tun 2001 wani likita mai suna Marcus Raichle na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis ya nuna cewa akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke tashi aiki tare da zarar mutum ya zauna ba ya yin komai. Su ke tuno maka abin da ya wuce, su hasaso na gobe, su yi ta juya "wai mi wance take nufi da maganar nan". Suna da amfani, da su kake shirya tafiya, da su kake tuna bashin da ake binka. Inda suke zama matsala shine in suka kama abu ɗaya suka yi ta zagaye da shi, ƙarfe biyun dare ba wuta, ga zafi, ga sauro, kai kuma kana nan kana faɗa da mutumin da ya daɗe da yin barcinshi.

To zaman nutsuwar da zan koya maka ba zai share tunani daga kanka ba, ba wanda ya iya wannan, duk wanda ya ce maka ya iya tatsuniya yake maka. Aikin gaba ɗaya shine ka gane hankalinka ya tafi, ka dawo da shi. Ya sake tafiya, ka sake dawo da shi.

Yadda ake zaman

Nemi wurin da ba za'a kira ka aike ba. Tabarma a ɗaki, dakalin zaure, kujerar roba a shago kafin ka buɗe, duk ɗaya ne. Ba dole sai ka harɗe ƙafa irin na hotunan intanet ba, mai ciwon gwiwa ya hau kujera abinshi. Baya dai ya miƙe ba tare da ka sandare ba, hannu bisa cinya, kafaɗu ka sake su. Kada ka kwanta, barci zaka yi.

Lokaci kuwa, a garin nan ban ga wanda ya kai bayan Asuba ba, in ka gama azkar ɗinka, kafin 'yan makaranta su fara neman takalmi da masu keke napep su fara hon. A watannin Maris da Afrilu ma lokacin ne kaɗai iska ke da ɗan sanyi. Uwar gida da Asubarta ta ɗora ruwan zafi ce da haɗa karin kumallo, ki bari sai yara sun fita, ko bayan Isha'i in sun kwanta, amma ki zauna a zaune. Sa alam na minti 5 a waya, ka kashe data, ka kife wayar nesa da hannunka. In ba ka sa alam ba zaka yi ta leƙen agogo.

Rufe ido, ko ka sauke shi ƙasa kan wani wuri a tabarma. Sai ka nemi inda ka fi jin numfashi a jikinka, wani a bakin hanci yake ji, ɗan sanyin iska in ta shiga da ɗuminta in ta fito, wani a ciki yake ji yana tashi yana sauka. Zaɓi ɗaya ka tsaya nan. Kada ka gyara numfashin, kada ka ja shi da ƙarfi, bar shi yadda ya zo. Ƙirga a zuci, in ka fitar da iska kace ɗaya, ta gaba biyu, har goma, ka koma ɗaya. In ka tsinci kanka a sha bakwai, ko ka manta ina kake, koma ɗaya ba tare da tsaki ba.

Wannan "ba tare da tsaki ba" ɗin shine wurin da mutane suka fi faɗuwa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanshi. Ka san akuyar da ta saba shiga gidan maƙwabta, in ka je ka kamo ta ka dawo da ita turke da duka da zagi, gobe in ta hango ka gudu zata ƙara yi. In ka jawo ta a hankali ka ɗaure, ta sake tsinkewa ka sake jawowa, wata rana zaka ga ta rage nisa. Mutumin da duk sanda ya kama hankalinshi ya tafi sai ya ce "kai ni dai ban iya komai ba", ya ƙara ma kanshi wani sabon tunanin ne a kan na farko, kuma sati ɗaya zai yi ya watsar don ba wanda ke son zama inda ake zaginshi kullum, ko da shi ke zagin kanshi. Kawai kace a zuci "tunani", ka koma hanci.

An ma kalli wannan zagayen a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Wendy Hasenkamp da abokan aikinta a Jami'ar Emory sun fitar da bincikensu a 2012, sun sa mutum 14 da suka saba da irin wannan zaman suka shiga na'urar suna bin numfashi, aka ba kowa maɓalli ya danna duk sanda ya farga hankalinshi ya tafi. Sai aka ga matakai huɗu suna bin juna: hankali ya tafi yawo, waɗancan sassan na tuna jiya da gobe sun kunnu, mutum ya farga, wasu sassan daban masu lura da abin da ke da muhimmanci suka ɗauka, ya janyo hankalin, ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa na bayan goshi ya shiga aiki, sannan ya riƙe shi na ɗan lokaci kafin a sake komawa farko. Kaga kenan har waɗanda suka ƙware hankalinsu na tafiya. Kuma ranar da ka dawo da shi sau talatin cikin minti biyar, sau talatin ka sa sassan farga da janyowa aiki, ba asarar zama ka yi ba.

Wata ƙanwata da na koya ma ta dawo tana cewa, "Yaya, ni fa abin nan naka ƙara cika mani kai yake, da na rufe ido sai tunani kamar ana zubo shi." Nace mata ai da ma a cike yake, yanzu ne kika leƙa. Kusan kowa sai ya ji haka a satin farko.

Sauran ƙananan matsaloli ba sai an ja su ba. Gyangyaɗi: buɗe ido, ko ka yi a tsaye, ko ka wanke fuska tukuna. Ƙaiƙayi: dakata numfashi uku ka gani, sau da yawa yana wucewa da kanshi, in bai wuce ba ka sosa, ba laifi. Hayaniya: janareton maƙwabci, injin markaɗe, mai tallan koko, kada ka yi faɗa da su a zuci, ka ji ƙarar ka koma numfashi. Wanda ke jiran sai Katsina ta yi tsit kafin ya fara zai daɗe bai fara ba.

Minti nawa, kwana nawa? Fara da 5 na sati ɗaya ko biyu, ka koma 10, in ya zauna maka ka kai 15. A wani bincike na Jami'ar New York da ya fito a 2019, mutanen da basu taɓa yi ba sun riƙa yin minti 13 kullum, da aka gwada su a sati 4 ba a ga wani bambanci ba, sai a sati 8 aka ga hankalinsu ya fi tsayawa kan aiki, riƙe abu a ka ya ƙaru, damuwa ta ragu. Don haka wanda ya yi kwana goma ya ce bai ga komai ba gaskiya ya faɗa, lokacin gani ne bai yi ba. Kullum kaɗan ya fi awa guda ranar Lahadi kaɗai.

In rai ya ɓaci

Nan ne ni a ganina ribar take, don ba don ka iya zama shiru a ɗaki ake wahalar nan ba.

Ɗauki mai POS a Kofar Kaura, ƙarfe biyun rana, rumfar kwano ta ɗau zafi, mutum biyar na jira. Wani ya tura maka waya a fuska, "Malam an cire mani kuɗi fa, ga alat." Kace "Alhaji yi haƙuri bai shigo ba, natwok ne, zasu dawo maka da shi." Sai ya ɗaga murya ya ce ai duk haka kuke, ɓarayi. Kafin ka gama jin kalmar kunnenka ya yi zafi, ƙirji na bugawa, haƙora sun datse, hannun da ke riƙe da na'urar ya ƙara matse ta, kuma amsa ta riga ta hau harshe, wadda ta haɗa har da iyayenshi.

Abin da ya faru a ciki shine, akwai wasu 'yan ƙananan sassa biyu can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya a kowane gefe, ana ce masu amigdala, aikinsu gano barazana da gaggawa. Su ke tada jiki, a saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, tun kafin ɓangaren bayan goshi, mai auna abu da tuna sakamako, ya gama duba lamarin. Shi wannan na bayan goshi ma ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, shi ya sa samari suka fi saurin hawa. Abin da kake nema ɗan tsaiko ne na daƙiƙa biyu uku tsakanin zafin kunne da buɗe baki, kuma farga ɗin da kake koya da safe ita ce dai wannan, da ka saba kama hankalinka yana zamewa zaka fara kama ranka yana tashi tun bai kai harshe ba. Magana zarar bunu ce.

Da ka farga, yi abu uku a jere, duk basu kai rabin minti ba.

Na farko ka kira abin da sunanshi a zuci: "fushi ne wannan", ko "kunya na ji an ce mani ɓarawo gaban mutane". Kamar wasa ko? Matthew Lieberman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nuna ma mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro a cikin na'ura a 2007, in suka zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar sai aikin amigdala ya ragu, na wani yanki a gaban ƙwaƙwalwa ya ƙaru. Ka lura, "fushi ne wannan" daban yake da "mutumin nan ɗan rainin hankali ne", na biyun ƙara wuta yake.

Na biyu ka ja fitar numfashi ta fi shigarshi tsawo. Ka gwada yanzu ma, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu inda jini ke harbawa, ja iska a hankali, sake ta a hankali, in ka natsu zaka ji bugun na ɗan ƙara sauri in kana ja, yana lafawa in kana saki. Wata doguwar jijiya ce mai suna bagas, da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi wuya ta sauka ƙirji da ciki, ke rage ma zuciya gudu lokacin fitar iska. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada wani salo a 2023: ka ja iska ta hanci, ka ƙara jan 'yar kaɗan a kai har huhu ya cika, sannan ka sake ta ta baki a hankali har ta ƙare, wato ajiyar zuciya da gangan. Masu yin haka minti 5 kullum na wata guda sun fi samun sauƙin rai a kan waɗanda suka zauna suna lura da numfashi kawai. A gaban kwastoma biyu ko uku sun isa, ba wanda zai ma gane kana yi.

Na uku ka canza yadda jikinka yake, wannan kuwa mun riga mun san shi tun a islamiyya, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa, ka nemi tsari, in da hali ka yi alwala. Sai kace "Alhaji zauna mu duba tare." Ba lallai ya sauko ba, wani sai ya gama zazzaga zai tafi, amma kai baka faɗi wadda za'a kai ƙara wajen mai unguwa ba.

Abu ɗaya da zai rushe maka duk wannan shine rashin barci. A 2007 ɗakin binciken Matthew Walker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya hana wasu barci dare guda aka nuna masu hotuna masu tada hankali, amigdalarsu ta yi aiki fiye da ta waɗanda suka yi barci da kusan kashi 60 cikin 100. In kana TikTok har ƙarfe ɗaya kuma ka tashi Asuba, minti gomanka na safe ba zai biya wannan bashin ba.

Kada a sayar maka da abin fiye da kuɗinshi

Na san tambayar da ke ran wasu tun sama: wannan ba addinin wasu bane? Asalin salon bin numfashi da aka fi bincike a kai daga mabiya addinin Buddha na Asiya aka ɗauko shi, wannan gaskiya ne ba sai an ɓoye ba. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya cire mashi duk wani abu na bauta ya maida shi shirin sati 8 ga marasa lafiya masu fama da ciwo da damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts, kuma wannan na asibitin ne likitoci ke aunawa. Abin da na kwatanta maka ba kiran sunan kowa a ciki, ba durƙuso, ƙirga numfashi ne. Ba ya maye gurbin zikiri ko addu'a, ba kuma ibada bane. Wanda zuciyarshi bata kwanta ba ya tambayi malaminshi. Ni dai abin da na lura, wanda ya saba kama hankalinshi in ya zame, ko a sallah ya fi saurin farga cewa ya bar liman a raka'a ta biyu ya tafi kasuwa.

Sai maganar da ake yawan yaɗawa cewa wai sati 8 na canza girman ƙwaƙwalwa. Tushenta wani bincike ne na 2011 da Britta Hölzel da Sara Lazar suka yi a Boston, mutum 16, aka ga kamar wani sashe mai aikin riƙe abu ya ƙara kauri. Labarin ya zaga duniya. Amma a 2022 masu bincike a Jami'ar Wisconsin suka maimaita da mutum 218, da tsari mafi tsauri, basu ga wani canji a girma ko kaurin ƙwaƙwalwa ba. Wannan na biyun bai zaga ba, don ba ya da daɗin turawa a WhatsApp.

Abin da ya fi tsayawa da ƙafarshi shine na yadda mutum ke ji. A 2014 wata tawaga a Jami'ar Johns Hopkins ta tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, ta samu cewa yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, ragi kaɗan zuwa matsakaici, kuma ba hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani. A 2022 an kwatanta shirin sati 8 ɗin da wani maganin fargaba a kan mutum 276, suka tashi kusan kunnen doki, sai dai su waɗannan minti 45 suke yi kullum a gida ga aji na awa biyu da rabi duk sati da malami, ba minti biyar ba. A Birtaniya kuma da aka tura shi makarantu ga yara sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14, bai fi darasin da aka saba yi masu ba, da yawansu ma ko gwadawa basa yi a gida. Don haka kada ka tara yaranka ka ce dole kowa ya rufe ido, ba a yi ma mutum wannan da tilas.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su bi a hankali, kuma a jihar nan ba kaɗan bane. Wanda ya baro ƙauyenshi a Batsari ko Jibiya ko Faskari saboda 'yan bindiga, wanda aka taɓa ɗauka, wadda ta ga abin da ido bai kamata ya gani ba, rufe ido cikin shiru na iya dawo mashi da abin sabo fil, zuciya ta hau bugawa, gumi ya keto. In haka ta faru ka tsaya nan take, ba jarumta bace ka daure. Buɗe ido, taka ƙasa da tafin ƙafa ka ji ta, ka kira sunan abu biyar da kake gani a ɗakin, buta, ƙofa, darduma, haka. Mai irin wannan, da wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci na makonni, da mai jin muryoyi, da wanda tunanin kashe kanshi ke zo mashi, asibiti zai je ya nemi likitan ƙwaƙwalwa, kuma wanda aka riga aka ɗora a kan magani kada ya aje shi don ya fara zaman nutsuwa.

In zaman ne gaba ɗaya bai karɓe ka ba, yi shi a tafe. Daga ƙofar gida zuwa masallaci, ko daga bakin titi zuwa shago, waya na aljihu, ido a buɗe, ka maida hankali kan tafin ƙafa, dama ta taka, hagu ta taka. Wani zai yi maka sallama, ka amsa mashi da kyau har da tambayar iyali, in kun rabu ka koma ƙafa. Mata masu aikin gida zasu iya yi da wanke-wanke ko tsintar shinkafa, hankali kan abin da yatsu ke taɓawa, ya tafi a dawo da shi. Ƙa'idar bata canza ba, kuma shi ma a ba shi sati takwas ɗin kafin a yanke mashi hukunci.